Kurege da Iyafis Masu Rangwame

Ga ta nan tafe, ku gyara zama ku tarbe ta.

A wata bazara mai tsawo, yunwa ta sa Kurege a gaba. Kada ku tausaya masa da yawa, shi ya jawo wa kansa. Gyaɗar da ya binne don ta kai shi damina, tun sanyi bai wuce ba ya tone ta ya cinye, wai ɗanɗanawa yake yi ya ji ko ta lalace. Yanzu ga damina da sauran wata biyu, ga rami babu ko ɓawo. Abin da ya fi ci masa rai kuma, raminsa yana bayan kasuwar Tudun Gawo, daidai inda iska ke kwaso ƙamshin kilishin Kura ta kawo masa har shimfiɗa.

Ran kasuwa ya ɗauki ɗan canjin da ya rage masa ya fita sayen rogo. Bai kai wajen masu rogo ba ya tarar da Hankaka a bakin tasha, ya baje kayan waya a kan tebur yana shelar rangwame. Wai sabbin kaya sun iso, tsofaffin nan so yake ya rabu da su ko da faɗuwa zai yi. Cikin kayan akwai iyafis, 'yan abubuwan nan da ake cusawa a kunne, marasa igiya, masu roba mai laushi a baki. Hankaka ya rantse cewa waɗannan toshe kunne suke yi ruf, ko aradu ta faɗi a gabanka sai dai ka ga haske.

Kurege ya ce a ba shi ya gwada. Yana cusawa, kasuwa ta mutu. Ga mai injin markaɗe yana ta aiki, ga 'yan kamasho suna buɗe baki kamar kifi, ga akuya tana kuka, amma babu abin da ke shiga kunnensa sai ƙugin cikinsa. Ya tsaya yana kallon tsakiyar kasuwa, can sai jelarsa ta fara rawa. Wanda ya san Kurege ya san in jelar nan ta fara rawa, wani ya kusa yin asara.

Ya cire, ya yamutsa fuska, ya ce kayan sun sha rana, robar ma ta fara wari. Ya taya, Hankaka ya ce albarka. Ya juya kamar zai tafi, ya dawo, ya sake tafiya, ya sake dawowa, har Hankaka ya gaji da ganin fuskarsa ya sallama masa kwali huɗu a kuɗin rogo. Kurege ya rungumi kayansa ya nufi gida da ciki wayam, yana taku ɗai-ɗai.

"Ni ne Kurege," in ji shi, "mai sayen shiru da kuɗin rogo. Wasu abinci suke saya, ni ƙofar abinci na saya."

Da gari ya waye, ya samo farin buhun gishiri ya huda ya zura kamar rigar asibiti, ya maƙala tabarau marar gilashi, ya nufi bayan injin niƙa inda ake shanya gyaɗa. Kare ne maigadin wurin. Shi kuwa Kare ba da ido yake gadi ba. Kwanciya yake yi ya rufe ido ya miƙe kunne, ɓawon gyaɗa ɗaya ya yi ƙas, ya riga ya iso kanka.

"Sannu da aiki, Baba maigadi," in ji Kurege. Ya ce daga birni aka turo shi duba kunnuwan masu aiki kusa da inji. Ya ɗaga kunnen Kare ya leƙa, ya girgiza kai, ya leƙa ɗayan, ya yi salati a hankali. Ya ce ƙarar inji ta riga ta cinye rabin kunnen nan, in ba a tashi tsaye ba, kafin ruwan farko ko sunansa aka kira ba zai ji ba.

Hankalin Kare ya tashi ƙwarai, don kunnen nan shi ne duk abin da ya mallaka. Ya tambayi magani. Kurege ya ce maganin shi ne hutu, a toshe kunne daga hantsi zuwa azahar, ya fito da kwali ɗaya ya ce kyauta ne. Kare ya ce to gyaɗar mutane fa? Kurege ya yi masa irin dariyar da likita ke yi wa mutumin ƙauye, ya ce ai wannan na'ura tace ƙara take yi, ta hana ƙarar inji, ta bar motsin ɓarawo ya wuce.

Kare ya sa. Shekara bakwai rabonsa da jin shiru irin wannan. Bai gama godiya ba ya fara minshari.

Kurege ya ci gyaɗa har buhun gishirin ya matse shi. Sannan ya cika kumatu ya kai rami, ya dawo, ya cika ya kai, har inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa. Duk sawun da zai yi sai ya raɗa wa kansa kirari a hankali, domin Kurege ba ya iya cin abin sata bakinsa a rufe.

Da gari ya waye, ya yafa tsohon mayafi ya ranƙwafa, ya zama tsohuwa, ya je wajen Raƙumi mai dabino. Raƙumi kansa yana can sama, ba ya ganin abin da ke faruwa a gindin buhunsa, don haka yake ɗaura ƙararrawa a bakin kowane buhu. Tsohuwa ta ce ta yi alkawarin sadaka ga matafiyi, ta kuma ji an ce iskar sahara ba ta fita daga kunne sai an rufe ta a ciki ta gaji ta kwanta. Raƙumi ya ce wallahi kuwa yana jin wani shuu tun da ya baro gida. Ya sunkuyo aka cusa masa, ya mayar da kansa sama yana sa mata albarka. Ranar Kurege ya yi ta jidar dabino, ƙararrawa ta yi kuka har ta gaji, masu wucewa suka ɗauka ciniki ne ya buɗe.

To, mai hankali a nan zai tsaya. Gyaɗa da dabinon da ke cikin ramin nan sun isa su kai Kurege damina har ya yi ƙiba. Shi ma ya faɗa wa kansa haka. Amma yana kwance sai iska ta juyo daga rumfar mahauta, ya tashi zaune yana haɗiyar yawu, ya ce ashe duk abin da ya ci ɗin nan share fage ne.

Da gari ya waye, ya sa hula mai baki ya rataya jaka, ya zama ɗan talla. Ya sami Kura zaune a gaban gadon karan da take shanya kilishi, wuƙa a hannu, kunne a baya. Naman ya sha labu, wato kwaɓin ƙuli da kayan yaji, ya yi ja yana ƙyalli a rana.

Kurege ya gaishe ta, ya ce Inna, wannan hayaniyar kasuwa ai ita ke tsufar da mutum. Ya zuba mata bayani kamar ruwa. Kura ta saurare shi har ya gama, tana kallonsa da ido ɗaya. Ta ce ita tun tana yarinya take da ƙa'ida, mai tallan magani shi ke fara sha a gabanta, mai tallan wuƙa shi ke fara yanka da ita.

"Sa naka mu gani, ɗan nan," in ji ta.

Kurege ya ce wannan ai mai sauƙi ne. Ya buɗe kwali na ƙarshe ya cusa a kunnensa, ya miƙa mata nata. Kura ta jujjuya abin a tafin hannu, ta ga wani ɗan maɓalli a gefe wanda Kurege bai taɓa lura da shi ba. Ta miƙa farce ta danna na kunnensa. Sai kalangu ya ɓarke a tsakiyar kansa. Ashe Hankaka ya zuba kiɗa a cikin kayan don su yi saurin fita, Kurege garin neman ragi bai tsaya ya ji bayani ba.

Kura ta ga jelar ɗan talla ta kama kaɗawa, ta sa nata ta danna. To kun san mahauci da kalangu. Ta ajiye wuƙa, ta lumshe ido, kafaɗa ta fara aiki.

Dabara ta ci, har ta fi yadda aka shirya ta. Abin da ya rage kawai Kurege ya cire nasa ya zaga baya. Ya zaga bayan, amma cirewar ce ya ce bari sai kiɗan nan ya kai gaɓa. Ya haye gadon kara, ya kama gefen wani falle ya gatsa. Yaji ya ratsa shi, citta ta biyo baya, gyaɗar labu ta narke a harshensa. Hawaye suka zubo masa na daɗi. Ya rufe ido, ya ce bari ya ɗan raɗa kirarinsa kamar kullum.

Shi a jinsa raɗa yake yi. Amma wanda kiɗa ya cika wa kunne bai san inda muryarsa take kaiwa ba. Tun daga rumfar mahauta har bakin tasha aka ji shi.

"Ni ne Kurege! Ni ne likitan Kare, na duba kunne na kwashe gyaɗa. Ni ce tsohuwar Raƙumi, na ba da sadaka na bar buhu yana hamma. Yau Kura na rawa, ni ina kan gadonta ina cin kilishi. Mai son ganin dukiya ya zo gindin gawo, rami na uku!"

Mai injin markaɗe ya kashe injinsa. Masu ciniki suka tsaya da kaya a hannu. Kare, wanda kwana biyu ke nan yana yawo a kasuwa yana tambayar wani likita mai farar riga, ya juyo a hankali. Raƙumi ya taho yana tsallake tiren mutane. Girgizar takunsa ce ta sa Kura ta buɗe ido, ta ga kasuwa kaf ta zuba wa bayanta ido. Ta waiga.

Ga ɗan talla a kan kilishinta, ido a rufe, baki cike, yana juyi da ƙafa ɗaya. An ce sai da ta tsaya ta kalle shi na ɗan lokaci, don rawar ta yi kyau. Sannan ta ɗauke shi da mari.

Marin ya kai shi gaban Raƙumi, Raƙumi ya mayar da shi da ƙafa, Kare ya cafe jela. Kurege ya fizge ya bar masa gashin a baki, ya bi ta ƙarƙashin tebura, ya kifar da tiren tumatir, ya fita ta bayan kasuwa. Ya doshi raminsa, ya hango har an riga shi isa da fartanya ana tono. Bai ko rage gudu ba ya wuce, sai cikin kogon wata kuka a bakin rafi.

Da gari ya waye, maƙwabciyarsa Bushiya ta bi sawu ta same shi a kogon. Jela ta zama tsinke, ido ɗaya ya rufe, kumatu biyu sun kumbura. Ta yi ta magana yana kallon bakinta, sai da ta sa hannu ta zare masa abin kunnen. Ta ce an kwashe ramin tas, ko ƙwallon dabino ba a bari ba. Ta ce jiya kasuwa ba ta watse ba sai da kowa ya zage shi, daga shi har kakanninsa, har waɗanda bai taɓa yi wa komai ba.

Gaskiya abin ya taɓa Kurege, don ya tuna damina da saura, ga shi ba rami ba gyaɗa. Ya sunkuyar da kai har Bushiya ta fara tunanin yau dai ya yi nadama. Can sai ya sa yatsa a kuncin hagu ya zaro wani ɗan yankin kilishi. Ashe kunci ɗaya ne na mari.

Daga nesa suka jiyo haushin Kare yana bin sawu. Kurege ya miƙe yana ɗingishi, ya gatsi kilishinsa ya mayar da saura ma'ajiyarsa.

"Zagi dai, Yaya Bushiya, ban ji ko ɗaya ba," in ji shi. "Duka kuwa na sha. Amma ki faɗa mini, duk garin nan wa aka taɓa yi wa duka da kiɗa in ba ni ba?"

Ya tsallake rafi da ƙafa uku, ya shige cikin ciyawa yana tauna.

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan jelar da ba gashi.