Ƙafafun Ƙyalle

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun gyara.

A can da, lokacin da daji yake daji, akwai wani gari da ake tseren karnuka. In an gama girbi an kai dawa rumbu, sai mafarauta su fito da karnukansu bayan gari, a jera su a gindin wata tsamiya, a kaɗa ganga, a sake su. Karen da ya riga isa bakin rafi shi zai shiga gaba a farautar shekara, ubangidansa kuma a yi ta yi masa kirari har damina ta sake faɗuwa. Mata su zo da fura, tsofaffi su zo da gardama. Yanzu tsamiyar ma an sare ta, amma a zamanin nan ranar tsere ta fi ranar kasuwa cika.

To, a garin akwai wani maharbi ana ce masa Barmo, yana da kare baƙi mai farin goshi, sunansa Ƙyalle. Sun yi zamaninsu su biyu. An yi shekarun da ba wanda ya ga gaban Ƙyalle a tsere, sai dai bayansa. Amma a wannan shekara ciwon gwiwa ya kwantar da Barmo duk damina, karen kuwa ya kwanta ƙarƙashin rumbu yana ci yana barci, har ya yi ƙiba.

Da tsere ya matso, sai Ɗangoje, abokin wasan Barmo, ya leƙo gidan ya ce, "Barmo, wannan kare ne ko turmi? In ka gaji da shi ka ba ni in yi matashin kai."

Barmo ya ce, "Ranar tsere ka zo da kan naka, za ka samu inda za ka ɗora shi."

Barmo ya yi dariya, amma maganar ta zauna masa a rai. So yake a yi masa kirari ko da sau ɗaya ne kafin gwiwar ta gama da shi.

Ashe Dila yana bayan danga yana ji. Ya daɗe da sa ido a kan wani jan zakara na gidan, Ƙyalle ne kawai ya hana shi, don ya taɓa gutsure masa kan wutsiya. Sai ya tari Barmo a hanyar gona, ya durƙusa ya ce, "Sannu da jiki, Baba. Na ji abin da Ɗangoje ya faɗa, raina bai so ba. Ni tun ina ƙarami karnuka nake tsere wa, wa ya fi ni sanin gudu? Ciki cike ba ya gudu. Ka hana masa tuwo."

Barmo ya ce a ransa, ai ba banza ake ce masa malamin daji ba. Sai ya koma gida ya kife kwanon kare.

Ƙyalle ya ce, "Maigida, yau kwanona a kife yake."

Barmo ya ce, "Malamin daji ne ya ce."

Ƙyalle ya ce, "Malamin da ya bar wutsiyarsa a bakina?"

Barmo ya ce, "Rufe baki ka yi gudu."

Sai ya yi gudu. Ya je ya dawo, yana tangaɗi.

Aka kwana biyu, sai Dila ya sake tarar Barmo. Ya ce, "Baba, na gan shi, ya soma sauƙi. Saura ruwa. Ruwa kaya ne, wa ke tsere da tulu a ciki?" Sai Barmo ya koma gida ya ɗauke kaskon ruwa.

Ƙyalle ya ce, "Maigida, harshena ya zama ɓawon itace."

Barmo ya ce, "In ka isa rafi ranar tsere ka sha har ka ƙoshi. Yi gudu."

Sai ya yi gudu. Ya je ya dawo, yana haki kamar zuga-zugin maƙeri.

A karo na uku, Dila ya ce, "Baba, gudun safe na kwiyakwiyai ne. Ka kai shi kan fako da tsakar rana, ƙasa ta gasa masa tafin ƙafa ya yi tauri kamar kofato."

Rana ta take tsaka, sai Barmo ya ja karensa zuwa fako. Ya samu inuwar wata ƙirya ya zauna, ya miƙe gwiwarsa, ya wurga sanda. Wannan karon Ƙyalle ya dubi ubangidansa kawai, ya tafi ya ɗauko. Ya sake wurgawa, ya ɗauko. Da ya wurga na uku, karen ya kai tsakiyar fako, sai ya durƙushe, ya kwanta a gefensa.

Barmo ya tashi a guje, ya manta da gwiwa. Yana cikin gudu sai igiyar takalminsa ta tsinke, tafin ƙafarsa ya sauka a kan fako. Ji ya yi kamar ya taka garwashi. Ya ɗaga ƙafar, ya tsaya da ɗaya, ya dubi sawun Ƙyalle a ƙasa, ya ga jini a cikinsu.

Nan ya tuna ubansa. Tsohon nan bai taɓa horar da kare da takalmi a ƙafarsa ba, kuma mafarautan garin duk haka suke a da. Da sanyin safiya suke fita, mutum da karensa, kowa ƙafa a ƙasa. Inda ƙafar mutum ta ƙi, nan kare zai tsaya. Yau su kai bakin gona, gobe su ƙara kaɗan, gorar ruwa ɗaya su raba. In sun dawo a duba tsakanin yatsu ko da ƙaya, a shafa man kaɗanya. Barmo ma haka ya reni Ƙyalle. Sai da ya soma horo daga inuwa ya daina sanin zafin ƙasa.

Ya cire ɗaya takalmin ya yar. Ya taka fakon nan har inda karen yake, ya saɓa shi a kafaɗa, ya kai shi gida. Ya kwantar da shi a inuwa, ya jiƙa masa jiki, ya riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, daga baya romo. Tafin ƙafafun duk sun saɓule. Ya wanke su ya shafa mai, karen kuwa bai yi masa gori ba.

Ranar tsere ta zo. Da aka kaɗa ganga, sai Ƙyalle ya ɗaga kunne, ya miƙe a kan ɗanyun ƙafafunsa.

Ya ce, "Maigida, ana kiranmu. Zan iya."

Barmo ya ce, "Na san za ka iya. Shi ya sa ba za mu je ba. Kwanta."

Ɗangoje ya biyo ta ƙofar gida da karensa, ya ce, "Yaya, turmin ya ƙi mirginawa?"

Barmo ya ce, "Jeka ka ci, Ɗangoje. Bana taka ce."

Gari ya watse zuwa tsamiya. Dila kuwa ya tabbata Barmo ya ja karen can ya ƙarasa shi, sai ya tsallako danga ya cafke jan zakara. Yana juyowa ya yi ido biyu da su a gindin rumbu. Ya tsaya da zakara a baki, sannan ya zura da gudu.

Ƙyalle ya zabura zai bi shi. Barmo ya rungume wuyansa.

Ƙyalle ya ce, "Maigida, zakaranka ne fa."

Barmo ya ce, "Bar shi ya je. Kaza za ta ƙyanƙyashe wani."

Suna nan zaune har suka jiyo guɗa daga bakin rafi, ana yi wa Ɗangoje kirari. Barmo ya saurara har aka gama, hannunsa a kan goshin karen.

Ƙafafun sun warke, amma Ƙyalle bai sake shiga tsere ba. Shekaru suka yi bayan nan mutane suna ganinsu da sassafe a hanyar gona, tsoho yana ɗingishi, kare yana ɗan sassarfa a gabansa, in ya yi nisa ya tsaya ya jira shi.

Wannan shi ne, ku masu kare da masu doki da masu jaki: dabbar da ke ƙaunarka ba za ta ce maka ta gaji ba har sai ta faɗi, kai ne za ka san inda za a tsaya. Kuma kada ka nemi shawarar horon kare a wurin mai son zakaranka.

Kurunkus kan ɗan ɓera, tawa ta tsaya nan.