Sawu Biyu a Gonar Manu

Akwai wani mutum mai suna Ɗantsoho, ɗan wani ƙaramin ƙauye tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari, a zamanin da Turawa ba su daɗe da shigowa ƙasar Gumel ba.

Daga bakin mahaifina na ji labarin nan. Jiya aka yi addu'ar arba'in ɗinsa, Allah ya jiƙansa. Na ce bari in rubuta muku yadda na iya, kada labarin ma ya bi shi ƙasa.

Ɗantsoho yana da shekara goma sha huɗu aka yi yunwar da tsofaffi ke kira Kakalaba. Sama ta ƙi zubarwa, rumbuna suka koma wofi, har irin shuka aka daka aka sha. A cikinta mahaifinsa Hussaini ya rasu. Mahaifiyarsa Safara'u ta ɗaure ɗan ƙullinta, suka bi masu yin kudu har Gagarawa, suka bar gona a baya.

Shekara goma sha ɗaya suka yi a can, amma Safara'u ba ta bari ya manta ba. In tana kaɗi, sai ta riƙa jero masa a hankali kamar mai rarrashin jariri:

"Manu ya sare dajin, ya bar kuka a gabas. Hamma ɗansa ya dasa gamba a kudu. Ubale ɗan Hamma ya haƙa rijiya a yamma. Arewa kuwa burtali ne, hanyar shanu. Hussaini ɗan Ubale bai samu ya ƙara komai ba, kai kaɗai ya bari."

Ya haddace. Har ya zama in ya rufe ido yana ganin kukar nan, tsuntsaye na sauka a kanta, kakanninsa uku da mahaifinsa na zaune a gindinta suna jiran sa.

Da Safara'u ta rasu, sai ya ɗauki sandarsa ya yi arewa.

Ya iso damina ta yi nisa. Ya zaci daji zai tarar. Sai ga gero ya fi mutum tsawo, zangarniya na kaɗa kai, bununi na sauka a kafaɗarsa kamar garin lalle. A bakin gonar wani dattijo siriri yana cire ciyawa. Sunansa Cindo.

Ɗantsoho bai yi sallama ba. Ya ce, "Kai, wa ya ba ka gonar mutane?"

Dattijon ya miƙe, ya dafa ƙugu. "Wa alaikumus salamu, samari. Na amsa, ko da yake ba ka yi ba."

"Ni ne Ɗantsoho ɗan Hussaini ɗan Ubale ɗan Hamma ɗan Manu. Kai ɗan wa?"

"Ni ɗan yunwa ne. Ita ta koro ni daga Damagaram da iyalina. Bulama mai garin nan ya ga gonar ta zama saura, ba mai noma ta, ya ba ni aro."

"To aro ya ƙare. Baƙo ba ya gadon ƙasa."

Magana ta je gaban Bulama, mai garin. Ya saurari jerin sunayen har ƙarshe, ya jinjina kai.

"Sunayen daidai suke, na san ubanka. Amma suna a baki yake, gona a ƙasa. Gobe da hantsi ka shiga ka zaga iyakarka. Rairayi ba ya ƙarya, za mu bi sawunka. Abin da ka zaga, naka ne bayan girbi. In kuwa ƙafarka ta taka gonar wani, ka fita daga maganar har abada."

Ɗantsoho ya yi murmushi. "Ranka ya daɗe, ko ido rufe."

Da asuba aka yi yayyafi, ƙasa ta kwanta luf. Dattawa suka zauna a gindin wata aduwa ta gabas, Ɗantsoho kuma ya kutsa cikin gero.

Ya nemi kuka. Babu kuka.

Ya yi dama, ya yi hagu. Ko'ina kara ne kore, sama da shi ɗan siririn shuɗi, raɓa na jiƙa masa riga. Tudun da ya sani yana yaro ya kwanta, inda yake kwari ya zama tudu, iska ta kwashe rairayi ta kai wani wuri. Ya riƙa maimaita waƙar mahaifiyarsa, amma waƙar ba ta da ƙafa. Can ya hango layin gamba, zuciyarsa ta yi sanyi, ya nufe shi da sauri.

"Ɗan Hussaini, tsaya!"

Ya juya. Cindo ne tsaye a bayansa, yana haki.

"Taku biyu ya rage ka faɗa gonar maƙwabcinku Sajo. Waccan gambarsa ce, ta tsakiyar gonarsa. Gambarku tana nan bayanka, ka wuce ta tun ɗazu."

Ɗantsoho ya janye ƙafarsa da sauri.

"Zo," in ji Cindo. "Bi ni a hankali, kada ka karya mini gero."

Ya kai shi wani ɗan kwari inda geron ya fi duhu. "Nan kukar Manu take. Shekara ta biyu da zuwana ta faɗi, gara ta cinye. Dubi yadda ƙasar ke yi mata godiya har yanzu."

Suka yi kudu. Cindo ya sunkuya ya shafa wata gamba gajeriya. "Ta Hamma rairayi ya binne. Na tona na sami tsofaffin saiwoyi, na dasa sabuwa a kansu. Ban matsa ko tafin hannu ba."

"Wa ya gaya maka aikin kowannensu?"

"Tambaya na yi. Abin kunya ne ka ci tuwon gida ba ka san sunan masu gidan ba."

Suka ci gaba, kara na buɗe musu hanya yana rufewa a bayansu. Ɗantsoho ya ji kamar ba su biyu kaɗai ke tafiyar ba. A yamma suka tarar da wani wuri zagaye da ƙaya.

"Rijiyar Ubale ke nan. Ta rufta. Na kewaye ta don kada akuyar wani ta faɗa a zagi kakanka."

Ɗantsoho ya tsuguna a bakin ƙayar. Ya ɗago ya dubi dattijon.

"Baba, ka san in na zaga daidai, kai ne za ka fita?"

"Na sani."

"Da ka yi shiru ɗazu, da ta zama taka."

Cindo ya yi 'yar dariya. "Shekara goma sha ɗaya ina ci a ƙwaryar ubanka. Don mai ita ya zo karɓa sai in fasa ta?"

"To ina za ku, kai da iyali?"

"Inda Allah ya ajiye wani aron. Tashi, rana na yi. Daga nan ka miƙe arewa har burtali, ka bi shi ka koma gabas. Ko makaho ba ya ɓata."

Ya juya ya tafi, geron ya haɗiye shi.

Ɗantsoho ya daɗe a wurin. Ya dubi arewa. Sannan ya juya ya fuskanci gabas, ya ratsa ta tsakiyar gonar, yana danna ƙafa sosai don sawun ya fito.

Da dattawa suka shiga bin sawu, sai suka ga na mutum ɗaya yana ta kai da kawo kamar na ɓataccen ɗan maraƙi. Daga nan ya zama biyu, kafaɗa da kafaɗa, har rijiya. Daga rijiya kuma ɗaya ne tak, ya raba gonar gida biyu.

Bulama ya ce, "Yaro, ka bar rabin arewa a waje. Ɓata ka yi?"

"Da farko na ɓata, ranka ya daɗe. Wannan kam da idona na taka. A bar wa Baba Cindo, ba aro ba."

Cindo, da ya biyo bayan dattawan, ya bi layin da kallo, ya goge fuska da hularsa, ya sake gogewa.

"Samari, ko tafiya ba ka iya ba. Layinka ya karkace. Naka ɓangaren ya fi ƙanƙanta."

"Bar shi haka, Baba."

Kafin iska ta share sawun, su biyun suka dasa gamba a kansa, a karkace yadda yake.

Darasi: Gado ba jerin sunaye ba ne kawai. Abin da iyaye suka bar maka, sau da yawa wani ne ya riƙe maka shi da guminsa lokacin da ba ka nan. Kada asali ya sa ka raina mai amana, ka neme shi ka ba shi haƙƙinsa tun yana da rai. Ku tura wa 'yan uwa su karanta, ku kuma sa iyayenmu da suka riga mu cikin addu'a.