Gishirin da Ya Zube Cikin Yashi

Akwai wata gwauruwa a wani ƙauye na bakin kogi, wadda take ciyar da 'ya'yanta huɗu da sana'ar busar da kifi. Wata rana da safe masunta suka kawo mata kifi kwando uku. Ta ɗauko buhun gishirinta, shi kaɗai take da shi, ta nufi bakin ruwa inda take gyaran kifin. Tana gangarawa sai ta yi tuntuɓe, buhun ya faɗi ya yage, gishirin ya watse cikin yashi.

Ta durƙusa tana kwasa da hannu biyu, amma duk abin da ta kwaso rabinsa yashi ne. Kasuwa ba za ta ci ba sai jibi, kifi kuwa ba ya jira. Sai ta zauna tana tsintar gishirin ƙwaya-ƙwaya, hawaye na zuba.

Ana nan sai ga kawun marigayi mijinta, tsohon malamin makaranta, yana dogara sanda. Ya ce, "'Yata, lafiya?"

Ta ce, "Baba, gishirina ya zama ƙasa."

Ya ɗebo kaɗan ya duba, ya ce, "Bai zama ba. Gauraya suka yi kawai. Kawo tukunya da ruwa da ƙyalle mai tsabta."

Ta yi yadda ya ce. Suka zuba gishirin mai yashi cikin ruwa, gishirin ya narke, yashin ya kwanta. Suka tace ruwan da ƙyalle, suka ɗora shi a wuta. Ta leƙa ta ga ruwa zalla. Ta ce, "Baba, ai yanzu ma babu shi sam!"

Ya ce, "Ƙara itace. Kowane abu da ƙwayoyin zarra aka yi shi, ƙanana da ido ba ya gani. Shi gishiri haɗin sinadarai biyu ne, sodiyam da kilorin. Kowannensu shi kaɗai yana cutarwa, amma da suka haɗu suka zama sabon abu mai amfani. Ruwa da wutar murhu ba sa kwance wannan haɗin. Yashi kuwa baƙo ne, bai shiga jikinsa ba."

Kafin rana ta karkata ruwan ya ƙafe, sai ga gishiri fari fat a gindin tukunya. Ta lasa, ta sauke ajiyar zuciya, ta yi dariya har da tafi. Ta barbaɗa wa kifinta gishirin, ko ɗaya bai ruɓe ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: gishirin nan kai ne, mai bi. Yashi shi ne zunubi da ke gaurayuwa da zamanka, ƙarya, hassada, fushi. Da yawa daga cikinmu sukan ce, "Na lalace, babu sauran amfanina," su zauna suna ƙoƙarin tsince laifofinsu ɗaya-ɗaya da ƙarfin kansu, har su gaji. Amma wanda aka haɗa da Almasihu ya zama sabuwar halitta, faɗuwa cikin yashi ba ta kwance wannan haɗin. In ka tuba, Ubangiji zai wanke ka, ya tace ka. Wani lokaci za ka ji zafin wuta, ka ga kamar ka ɓace. Kada ka sauke tukunyar, ƙaunatacce. Bai gama aikinsa ba tukuna.