Tsohon Bututu a Cikin Silin

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan Jalingo, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wadda muke kira esi. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana raye. Shagonsa na bayan Kasuwar Jalingo, kuma duk wanda ya san shi ya san hannunsa na da kyau.

Akwai wata tela a unguwar Majidaɗi, Mama Rose, mijinta ya rasu, da ɗinki take riƙe 'ya'yanta. Esin shagonta ya tsufa ya mutu a tsakiyar zafin Maris, ga kayan Ista na mutane sun cika shagon. Ta sayi sabo. Musa, mai sayarwar, ya gaya mata cewa sabon ba irin gas ɗin tsohon yake sha ba. Gas ɗin sabon ya fi na tsohon ƙarfin matsi, ba ya shiri da man da tsohon ya bari a cikin bututu, kuma yana iya kama wuta. Sai ta sayi sabon bututun jan ƙarfe, ta miƙa wa mutuminmu, domin coci ɗaya suke zuwa.

Ya ɗora tsani ya leƙa silin. Zafin kwano ya buge shi a fuska. Tsohon bututun na kwance, ya bi ta kan katako har bayan shago. Cire shi aikin yini ne, a rarrafe. Akwai hanyar da masu sana'ar ke bi idan za a bar tsohon: a duba kaurinsa, a wanke cikinsa, a gwada ko zai jure matsi. Ya san duk wannan. Bai yi ko ɗaya ba. Ya yanka guntayen sabon ya jona a bakin tsohon ta gefe biyun da ido ke gani, sauran ya naɗe ya sa a buhu.

Mama Rose ta ce, "Injiniya, har ka gama? Ka canza duka?"

Ya ce, "Duka, Mama. Ki kwantar da hankalinki."

Ya 'yan uwa, wa ya gan shi? Mama Rose ba za ta hau tsani ba.

Sati biyu esin yana sanyi. A na uku ya fara hura iska mai ɗumi. Ya zo ya ƙara gas, ya ce sabbin injuna haka suke. Bayan kwana huɗu sanyin ya sake raguwa. Ya sake ƙarawa. Ya san inda gas ɗin ke tafiya: tsohon bututun ya tsage a cikin silin.

Ranar Alhamis kafin Ista ta ce masa, "Injiniya, na gaji. Musa zai turo mutuminsa da ƙarfe biyu ya hau ya duba. In injin ne, su canza mini."

A lokacin sha biyu ta wuce. Magana ɗaya ta rage masa: Mama, na yi miki ƙarya. Me zai rasa? Zai sha kunya, ya sha faɗa, ya yi aikin yini guda. Amma ya ce, "Bari in fara dubawa."

Ya hau da kan waldarsa, niyyarsa ya toshe tsagar kafin baƙon ya iso. Ya kamata ya zuƙe gas ɗin, ya buɗe silin iska ta ratsa. Hakan zai ɗauki lokaci, zai kuma jawo tambaya. Yana jin ƙarar kekunan ɗinki a ƙasansa. Yana jin hucin gas yana fita kusa da gwiwarsa. Ya ƙyasta wutar waldar.

Wuta ta tashi masa a fuska, ta kama busasshen katako. Silin ya rufta da shi a kan teburin yankan yadi. Mama Rose da mata biyu da ke mata ɗinki suka fita da gudu ba takalmi. Maƙwabta ne suka jawo shi ta ƙafa. Kafin a kashe wutar, kekuna huɗu da kayan Ista na gidaje sama da talatin sun ƙone. Da aka share toka, ga tsohon bututun nan baƙi ƙirin, da guntun sabo a kowane baki. Kowa ya gani.

Na je duba shi a asibiti. Yatsunsa sun ƙanƙance, ba zai sake riƙe sifana ba. Ya ce mini, "Fasto, tun ina kan tsani na san abin da zai faru." Mama Rose kuwa yanzu a barandar gidanta take ɗinki, da keken aro.

Ya 'yan uwa, ƙyuya ce ta fara, ƙarya ta rufe ta, tsoron tonuwa ya kunna wutar. Sau huɗu Allah ya ba shi damar faɗin gaskiya, sau huɗu ya ƙi. Kai magini, kai makanike, ke mai haɗa magani, akwai aikin da ka rufe wanda mai shi ba zai iya hawa ya duba ba? Je ka gaya masa yau, tun abin yana gyaruwa.

Allah ya kiyaye mu daga cin amanar wanda ya yarda da mu, ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya tun da sauran lokaci. Amin.