Mai Shanun Huɗa da Gonar Tabita

Akwai wani manomi mai shanun huɗa biyu, kuma su kaɗai ne a ƙauyen. Mutum ne mai kunya, bakinsa bai iya cewa a'a ba. Duk wanda ya zo da roƙo, sai ya ce, "To."

Da ruwan shuka ya sauka, sai wata gwauruwa mai suna Tabita ta zo ta durƙusa. Ta ce, "Baba, 'yar gonata ce ta bayan rafi. Gyaɗa nake so in shuka, da ita zan ciyar da yara."

Ya san mutum tara ne ke gabanta wajen jiran huɗa, amma ya ji nauyin fuskarta. Ya ce, "Je ki, 'yata. Jibi zan huɗe miki."

Jibi ta zo ta wuce. Ba lalaci ya hana shi ba. Kullum yana bayan garma har rana ta faɗi, ya dawo ƙafafu a kumbure, shanu na haki. In ya hango Tabita a hanyar coci, sai ya sunkuyar da kai ya sake hanya. Gajiyar ɓuyan ma ta fi ta garma.

Sai bayan mako huɗu ya kora shanun zuwa gonarta. Ciyawa ta kai gwiwa, gyaɗar maƙwabta har ta yi fure.

Tabita ta ce, "Sannu da zuwa, Baba. Tun makon farko matan zumunta na coci suka ce za su yi mini gayya da fartanya. Na ce su bari, Baba ya yi mini alkawari."

Ya huɗe gonar ba tare da ya iya ɗaga ido ba. Amma damina ta ɗauke kafin gyaɗar ta yi 'ya'ya.

Ma'anar wannan misali ita ce, alkawari ba kayan sallamar mai roƙo ba ne. Da manomin ya ce ba zai iya ba, da Tabita ta ji zafi yini ɗaya, ta samu abincin shekara. Ubangiji bai taɓa yi mana alkawari don kunya ba. Mu ne muka gajiyar da juna da "to" marar ranar cikawa. Ɗan'uwa, akwai wanda ya ƙi taimakon wasu saboda yana jiranka. In an tashi coci, je ka cika masa, ko ka gaya masa gaskiya tun yana da sauran lokaci.