Sanyi Ne, In Ji Majo

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a garin nan namu na Arlit. Ba zan kama sunansa ba, don yana nan da ransa, kuma abin da ya same shi ya ishe shi. Ma'aikacin jinya ne, irin wanda muke ce wa majo. Daga ƙasar Tahoua suka zo shi da matarsa Hansai. Ya samu aiki a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa, inda wani ɗan kwangila ke tura leburorinsa kowace shekara a duba ƙirjinsu kafin su koma aikin dutse.

Kada ku zaci mugu ne. Wallahi ba mugu ba ne. Hannunsa da sauƙi, sai ya yi maka allura ba ka sani ba. Likitan wurin sau ɗaya yake leƙowa a mako, ya sa hannu a kan abin da majo ya rubuta, ya wuce. Takardar kuwa kalma ɗaya ake nema a cikinta da Faransanci: "apt", wato lafiya lau, koma aiki. In babu ita, sai sallama.

Wata rana layi ya zo kan Nomau, maƙwabcinsa, wanda katanga ɗaya ta raba su. Majo ya ɗaga hoton ƙirjin Nomau ga hasken taga, ya ga tabo a saman huhu. Ya gane abin. Alamar tarin fuka ce, ba yau ya fara ganinta ba.

Nomau ya karanci fuskarsa, ya kama hannunsa ya ce, "Majo, don girman Allah ka rufa mini asiri. Baki tara ke jirana a gida. In ka hana ni kalmar nan, gobe wani ya hau gurbina."

Majo ya tuna Nomau ne ya haƙa kabarin ɗansa na fari, a ranar da ba su san kowa ba a garin nan. Zuciyarsa ta karye. Ya ce, "Sanyi ne. Ka sha citta da kanumfari, ka bar wanka da ruwan randa." Ya rubuta "apt", ya buga hatimi.

To ina tambayarku, tausayi ne wannan ko ha'inci? Shi dai ya koma gida yana jin ya yi aikin lada. Shaiɗan bai ce masa ka cuci Nomau ba, ai da ya ƙi. Ce masa ya yi, ka ji ƙansa.

Labari ya bazu cikin leburori. Duk mai tari sai ya nemi layin majo. Ɗan kwangila ma ya ji daɗi, aikinsa ba ya tsayawa. Har abin ya zama wasa a gari: mutum ya ƙware da shayi a majalisa, sai a kwashe da dariya a ce, "Sanyi ne, in ji Majo!" Shi ma yakan yi dariyar. Amma kullum yana cewa a ransa gobe zai ja Nomau gefe ya kai shi babban asibiti. Magani fa kyauta ne, jama'a, wata shida mutum ya miƙe! Goben nan ta kai shekara.

Nomau ya kwanta. Hansai, baiwar Allah, ita ke shiga ɗakinsa mai ƙaramar taga, ta ba shi kunu, ta wanke kwanon da yake tofa kaki. Mace ce da ta yarda da mijinta fiye da idonta. Wata safiya majo na ɗaura takalmi, ya ce mata ba tare da ya ɗago ba, "Ki dai rage shiga gidan nan."

Ta ce, "Haba Malam, maƙwabcinmu ne fa. Ko abin yana kama mutum ne?"

Subhanallahi! Ga ƙofa Allah ya buɗe masa. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da tsira. Amma in ya faɗa, da wane ido za ta dube shi? Ya ce, "A'a. Sanyi ne." Ya fita.

Ba a jima ba aka tura shi Yamai ƙarin horo na wata biyar. Yana can Nomau ya rasu. Yana can kuma ya fara jin tari a waya. Ya ce, "Hansai, me nake ji? Ki je a duba ki." Ta yi dariya ta ce, "Sanyi ne, ina shan cittar. In bar maganar mijina in je neman ta wani?" Kunya ta sake hana shi faɗin gaskiya. Ya ce a ransa, in na koma na duba ta da kaina.

Ran da ya dawo, matar da ta tarye shi a ƙofa zane ya yi mata yawa, sai da ta naɗa shi biyu. A ƙarƙashin matashinta ya tarar da tsumma duk jini. Ya saɓa ta sai babban asibiti. Likitar can ta ɗaga hoto ga hasken taga, daidai yadda shi ya ɗaga na Nomau. Ta dube shi ta ce, "Majo, kai fa ma'aikaci ne. Ina kake?"

An fara magani, amma huhun biyu sun riga sun tafi. Ya durƙusa gaban gadonta yana kuka kamar ba namiji ba. Ya ce, "Hansai, ƙarya na yi miki. Tun ranar farko na sani."

Ko ba ta fahimta ba ne, ko ta fahimta ta yafe, Allah kaɗai ya sani. Ta ɗora hannu a kansa ta ce, "Bar kuka, Malam. Ai kai ka ce sanyi ne. Zai wuce." Kwana goma sha ɗaya ta ƙara a duniya.

Bayan sadakar uku ya kai kansa gaban hukuma, ya ajiye hatimi, ya lissafa sunan duk wanda ya buga wa. An kore shi, an hana shi aikin jinya har abada. An samu wasu da rai an yi musu magani, har da 'ya'yan Nomau biyu. Wasu kuwa ƙasa ta riga ta rufe su.

Kun san shi, ai. Shi ne wannan da ke zaune bakin tasha. Da ya ji mutum ya yi tari, sai ya zabura ya kama rigarsa: "Ba sanyi ba ne! Je a duba ka!" Kuna cewa ya taɓu. Kada wanda ya ƙara yi masa dariya, gaskiyar da ya riƙe ce yake rabawa, bayan wadda ta fi bukatarta ta tafi.

Ya 'yan uwa, jikin mara lafiya amana ne, kuma sanin ciwonsa haƙƙinsa ne. Kai mai farar riga, faɗa masa da taushi, riƙe hannunsa, nema masa mafita, amma ka faɗa. Kai kuma mai tari, kada ka roƙi likita ya yi maka ƙarya, ba kai kaɗai ke shaƙar iskar ɗakinka ba.

Allah ya jiƙan Hansai da Nomau. Allah ya karɓi tuban bawan nan nasa, ya sanyaya masa zuciya. Allah ya kiyaye mu da tausayin da ke kashewa, ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya tun tana da amfani. Amin.