Akushin Innar Malam Barau

Ku gyara zama, yau rigima na kawo muku.

A wani gari an yi wani baduku, Malam Barau, wanda tsufa ya taɓa wa ƙwaƙwalwa. Tun yana manta inda ya ajiye basilla, har ya manta fuskokin iyalinsa. Daga baya ya daina cin abinci, wai baƙi sun cika masa gida za su ba shi guba. Matarsa Tabawa tana kallo yana ƙarewa kamar sabulu a ruwa. Ta ce ita dai ba a gabanta yunwa za ta kashe shi ba.

Dangi kuwa kun san su, kowa likita ne. Wannan ya ce sammu, wancan ya ce iska, a ɗaure shi a yi masa hayaƙi. Babban ɗansa Sallau ya tsaya a bakin zaure ya ce ba mai ɗaure masa uba. Ya goya shi zuwa mota, sai asibitin birni. Likita ta duba hoton ƙwaƙwalwarsa, ta ce wani daskararren abu ne mai suna amiloyid ya taru a ciki, kuma ba ta da maganin warkewa. Ta ce, "Ku daina gardama da shi. Yarinta ya koma, ku bi shi can."

'Yarsa Hansai ce ta lura kullum yana kiran Inna, uwarsa da ta daɗe da rasuwa. Ta bar goyonta, ta tafi ƙauyensu, ta nemo wata gwaggonsa tsohuwa tukuf. Ta koyo yadda Inna ke kaɗa miyar kuka da daddawar batso, ta kuma tono akushin marigayiyar a rumbu. Aka yi tuwo aka kai masa. Ya shinshina ya yi murmushi, sai ya dubi mai miƙowa ya ture.

Tabawa ta ɗaura zanen saƙi irin na surukarta, ta ɗauki akushin ta shiga. Ya ɗago ya ce, "Inna, ina kika je? Na sha yunwa."

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, mutumin da ta haifa wa 'ya'ya. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa kiran sunansa ba, don kunya. Amma ran nan ta ce, "Ga ni, Barau. Wanke hannu."

Ya cinye tas. Har yau yana ci, amma bai sake sanin yana da mata ba.

To, da Sallau da ya hana ɗauri ya gano asalin ciwon, da Hansai da ta nemo miya da akushi, da Tabawa da ta yarda ta zama uwar mijinta, wa ya ceci ran Malam Barau?